Dam ɗin Tiga da Landsat Tsaran Juna Ne: Yadda Hoton Gonakin Kura da Bunkure Ya Zama Kyauta

Mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu ko Maris, ka san abin da zan faɗa. Ko'ina ya bushe ƙayau, karan dawa ma an kwashe, sai ƙura. Amma kana kusantar Kura sai idonka ya huta. Ga alkama, ga albasa, ga tumatur ana lodawa a kwanduna za a kai Kwanar Gafan, ga ruwa yana gudu a kanal kamar ba rani ake ba.

To abin da ka gani ta tagar mota, akwai wani ido da ya fi shekara 50 yana ganinsa daga sama. Sunansa Landsat, jerin taurarin ɗan'adam ne na Amurka masu ɗaukar hoton doron ƙasa. Yau duk mai kwamfuta da 'yar data zai iya sauke waɗannan hotuna ba tare da ya biya ko sisi ba. Da yawanmu 'yan makaranta mun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ina! An yi zamanin da hoto ɗaya tak ya kai dala 4,400, kuma in ka saya ba ka da ikon ba abokinka kwafi. Tarihin yadda aka taso daga can zuwa nan nake son mu bi tare, domin ya shafi ruwan da ake rabawa a Kura da Bunkure kai tsaye.

Shekarun da aka haife su

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuwa shi ne Audu Bako, wanda ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa aka duƙufa gina madatsun ruwa, babbar cikinsu ita ce Tiga a kan Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni, wadda aka kammala a 1974. Dabarar mai sauƙi ce: a tare ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani ta kanal, ya gangaro da kansa ba tare da inji ba, har ya isa gonaki. An fara gwaji a Kadawa, sannan aka tsara kashin farko na aikin ya kai kimanin hekta 22,000, a yankin da yau ya haɗa ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Ana cikin zuba ƙasar Tiga, ranar 23 ga Yuli 1972, aka harba tauraron farko na Landsat daga Kalifoniya. A lokacin sunansa ERTS-1, daga baya aka sauya. Kyamarar da ta fi yin amfani a jikinsa wata injiniya ce mai suna Virginia Norwood ta jagoranci ƙera ta. Tauraron yana zagaya duniya daga arewa zuwa kudu, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashinsa, don haka duk kwana 18 yakan dawo saman wuri ɗaya, da hantsi, ya ɗauki faifan ƙasa mai faɗin kilomita 185.

Ka lura da shekarun nan da kyau. Daga 1972 zuwa 1974 ne fari ya kai maƙura a yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Har yau in ka zauna da dattawa za su ba ka labarin farin 1973. Wannan fari ya ƙara wa masu cewa a gina dam ƙarfin gwiwa, shi ne kuma ya zama ɗaya daga manyan jarrabawar farko ga sabon tauraron. Ke nan dam ɗin da tauraron tsaran juna ne, tare suka girma. Shi ya sa taskar Landsat ta zama wani irin littafin tarihi na wannan yanki, wanda aka fara rubutawa tun kafin ruwan Tiga ya isa yawancin gonakin.

Me tauraron yake gani?

Bari mu ɗan tsaya a nan, don in ba mu fahimci wannan ba sauran labarin ba zai yi armashi ba.

Hasken rana da muke gani fari, haɗakar launuka ne, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana. Bayan launin ja akwai wani haske da idonmu ba ya kamawa, ana ce masa infared. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, amma yana mayar da infared da yawa sama. Busasshiyar ƙasa kuwa kusan daidai take mayar da su biyun. Ruwa kuma shanye infared yake yi kusan duka.

Kyamarar tauraron tana auna kowane haske daban. Sai masana suka fito da wani ɗan lissafi tun cikin shekarun 1970, wanda ake taƙaita sunansa da NDVI: a cire ja daga infared, a raba da jimillarsu. Amsar tana faɗawa tsakanin -1 da 1. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, fako yakan tsaya wajen 0.1 zuwa 0.2, gonar da ta yi kore shar kuwa takan haura 0.6. Da wannan kaɗai za ka iya zana iyakar inda ruwan kanal ya isa a rani, da inda bai isa ba.

Akwai kuma batun girman ɗigo. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar wani murabba'in ƙasa. A Landsat na farko faɗin ɗigo ya kai kusan mita 80, wato eka guda ba ta ma cika ɗigo ɗaya ba. Daga 1982 aka sauko zuwa mita 30, ke nan hekta guda tana da ɗigo 11, eka kuma huɗu da rabi. Ba za ka ga mutum ba, ba za ka ga kwandon tumatur ba. Amma za ka ga fili, za ka ga tafki, za ka ga yadda kore yake faɗaɗa ko yake janyewa daga shekara zuwa shekara.

Wani abin sa'a, lokacin noman rani shi ne lokacin da sama take garau a ƙasar Hausa. Da damina gajimare yakan rufe hoto, da hunturu kuma hazo yakan dusashe shi wasu ranakun, amma galibi daga Nuwamba zuwa Afrilu akan samu hotuna masu kyau. Kamar don noman rani aka yi shi.

Da aka mayar da hoton haja

A shekarun farko hotunan ba su da tsada sosai, gwamnatin Amurka ce take sayarwa. Sai aka fara tunanin cewa ai wannan harka za ta iya ciyar da kanta in aka ba 'yan kasuwa. A 1984, zamanin Shugaba Ronald Reagan, majalisar Amurka ta yi dokar mayar da harkar hannun kamfani. A 1985 kamfanin EOSAT ya karɓa. Farashin hoto ɗaya ya tashi daga dala 650 zuwa 3,700, daga nan zuwa 4,400. Aka kuma haɗa da sharaɗin lasisi: wanda ya saya ba zai raba wa wasu ba.

Wannan sharaɗi irin wanda ka sani ne a manhajar kwamfuta. Ka biya kuɗi, faifan yana hannunka, amma izinin amfani kawai aka ba ka. To ka kwatanta malamin jami'a a Zariya ko Kano a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da darajar naira take zubewa, yana son ya ga yadda noman rani ya sauya a Kura cikin shekara goma. Hoto ɗaya ba zai ishe shi ba, yana buƙatar aƙalla goma. Ka yi lissafin da kanka. Ko a Amurka jami'o'i da yawa sun haƙura, sun koma amfani da hotunan taurarin hasashen yanayi, waɗanda ɗigonsu ya kai kilomita guda amma ba su da tsada.

Abin da ya fi tsadar ciwo shi ne wanda ba ya gyaruwa. Landsat 4 da Landsat 5 ba su da ma'ajiyar hoto a jikinsu. Sai in akwai tashar karɓa a ƙasa da take hango su, ko wani tauraron da zai miƙa saƙon, sannan hoto yake samuwa. Kamfani kuwa ba zai wahalar da kansa ɗaukar wurin da babu mai saye ba. Sai ya zama tauraron yana wucewa ta saman ƙasashe da yawa bai ajiye komai ba. Yammacin Afirka yana cikin yankunan da suka fi fama da wannan giɓi, musamman daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990.

Ka san me ya faru a nan a waɗancan shekarun? A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka zuga manoman rani su rungume ta, kuma Kadawa na cikin wuraren da aka ɗora wa buri. A 1992 aka kammala dam ɗin Challawa a wajen Ƙaraye, wanda ya ƙara rage ruwan da yake gangarawa Haɗeja. Shekarun da muka fi son mu gani da idonmu, su ne shafukan littafin suka fi yin ƙaranci. Hoton da ba a ɗauka ba a 1991, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Kuma fa a takarda akwai ƙa'ida. A Disamba 1986 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji kan ɗaukar hoton ƙasa daga sararin samaniya. Ba a buƙatar izinin ƙasa kafin a ɗauki hotonta daga can, amma ƙasar da aka ɗauka tana da haƙƙin samun hotunan ba tare da wariya ba, a kan farashi mai ma'ana. Matsalar ita ce ba a fayyace wane farashi ne mai ma'ana ba. Abin da yake araha a Washinton, a Bunkure kuɗin gona ne sukutum.

Kasuwar ma ba ta yi albarka ba. A 1989 kuɗi ya yanke har aka kusa kashe taurarin biyu, sai da aka nemo tallafin gaggawa. A 1992 majalisar Amurka ta yi sabuwar doka, ta mayar da tauraron da za a gina nan gaba, Landsat 7, hannun gwamnati. Landsat 6, wanda aka gina a ƙarƙashin tsarin kamfani, bai kai falakinsa ba da aka harba shi a 1993. Allah ya taimaka Landsat 5 ya yi tsawon rai: an harba shi a 1984 da tsammanin shekara uku, ya yi aiki kusan shekara 29.

Yadda ƙofa ta buɗe

Da aka harba Landsat 7 a Afrilu 1999, farashi ya sauko zuwa dala 600, aka kuma cire sharaɗin hana rabawa. Nan da nan masana suka fara tara abin da suka saya wuri ɗaya, kowa ya ɗiba. Duk da haka ko a shekarar da ciniki ya fi kyau, 2001, hotunan da ake sayarwa ba su wuce 53 a rana ba, a duk faɗin duniya.

Waɗanda suka fara nuna hanya ba Amurkawa ba ne. Ƙasar Burazil ce, wadda take da tauraro na haɗin gwiwa da Sin mai suna CBERS. A 2004 ta fara raba hotunansa kyauta ta intanet, sai ga masu amfani da su sun ninka sun sake ninkawa. A 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta bi sahu, bisa ƙoƙarin jami'anta irin su Barbara Ryan. Kafin ƙarshen shekarar duk taskar Landsat, tun daga 1972, ta zama kyauta. A cikakkiyar shekarar farko an sauke hotuna fiye da miliyan ɗaya.

Hujjar da aka kafa ita ce, jama'a sun riga sun biya kuɗin gina tauraron da harajinsu, kuma yawancin masu sayen hoton ma hukumomin gwamnati ne da jami'o'i, wato ana cire kuɗi daga aljihun dama ana sawa a na hagu. Sannan a dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, abin da gwamnatin tarayya ta samar da kanta ba shi da haƙƙin mallaka. Shi ya sa za ka iya sauke hoton Kura, ka sarrafa shi, ka buga a kundin digirinka, ka ba wanda kake so.

Turai ta biyo baya da shirin Copernicus. Tauraronsu Sentinel-2A ya tashi a Yuni 2015, ɗan'uwansa 2B a Maris 2017. Ɗigonsu mita 10 ne, wato kusan 40 a eka guda, kuma suna dawowa duk kwana biyar. A wannan matakin kana iya bambance fili da fili a Kadawa. Akwai kuma Sentinel-1 mai amfani da rada, wanda gajimare ba ya tare masa gani, don haka ko da damina ana iya bin shinkafa da ambaliya. Landsat ɗin ma bai tsaya ba: na 8 ya tashi a 2013, na 9 a 2021.

Hoto kyauta ba zai yi amfani ba in manhajar buɗe shi tana da tsada. A nan ma doka ce ta yi aiki. QGIS, wadda aka fara a 2002, tana ƙarƙashin lasisin GPL. Wannan lasisi ya ba ka damar amfani, kwafa, gyarawa da rabawa, da sharaɗi ɗaya: in ka raba abin da ka gyara, dole ka bar wa na gaba irin 'yancin da ka samu. Ke nan ba sai ka je an saka maka ta sata a kasuwa ba, kana ɗar-ɗar kada ta rufe ana gobe za ka miƙa aiki. Akwai kuma Google Earth Engine, wanda aka ƙaddamar a 2010, inda za ka yi lissafi a kan dubban hotuna ba tare da ka sauke su ba. Amma shi na kamfani ne, kyautarsa ga masu bincike ce da waɗanda ba riba suke nema ba, kuma mai abu yana iya sauya sharaɗinsa. Bambancin kyauta da 'yanci ke nan, yana da kyau ka riƙe shi.

Me ya haɗa wannan da manomi?

Ruwa. Duk wanda ya taɓa noman rani a kan kanal ya san rigimar na kai da na wutsiya. Wanda gonarsa take kusa da bakin ruwa yana sha har ya yi ɓarna, wanda yake can ƙarshe wani lokaci sai ya kwana a gona yana jiran kwarara. In aka zauna taro, kowa da maganarsa. Amma in ka jera hotunan watan Fabrairu na shekara goma, sashen da kullum yake makara wajen yin kore zai fito fili. Landsat yana kuma auna zafin ƙasa, kuma gonar da take samun ruwa ta fi sanyi saboda gumin da ganye yake fitarwa. A jihar Idaho ta Amurka hukumar ruwa tana amfani da wannan ma'auni wajen lissafin ruwan da gonaki suka sha. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta buɗe shafin WaPOR a 2017, mai irin wannan lissafi ga Afirka, shi ma kyauta. Da aka zo gyaran kanal-kanal a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, tambayar da kowa zai so amsarta ita ce: kore ya ƙaru a wutsiya ko bai ƙaru ba? Wannan tambaya ɗalibi ɗaya mai kwamfuta zai iya bincika ta yau.

Sannan akwai wutsiyar da ta fi kowacce tsawo. Ruwan da aka tare a Tiga da Challawa, dā can yana gangarawa Kogin Haɗeja, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke rayuwa, ragowarsa ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Bayan gina madatsun, ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ciyawar kachala take so, ta kuwa toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. A 1998 masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa lissafin da ya nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta kai asarar da ake yi a fadamun ƙasa ba. Wannan magana ba ta yi wa ɗan Kura daɗin ji, ni ma da dangina suke cin abinci daga wannan kanal ba ta yi mini ba. Amma gara a yi gardamar a kan hoton da kowa zai iya buɗewa, ɗan Bunkure da ɗan Nguru, da a yi ta a kan rahoton da yake kulle a durowar wani ofis.

Hoto ba ya magana da kansa

Kada ka ɗauka tauraro boka ne. Bari in ba ka misali daga maƙwabtanmu. A lokacin farin 1973 aka lura da wata siffa mai kusurwa biyar a hoton Landsat na Jamhuriyar Nijar, cikinta da ciyawa, wajenta fako. Da aka bincika, sai aka tarar gandun kiwo ne mai shinge a Ekrafane. Hoton ya zagaya duniya a matsayin shaida cewa makiyaya ne suke jawo hamada. Shinge yana kare ciyawa, wannan gaskiya ne. Amma binciken da ya biyo baya, har da wani sananne da aka wallafa a 2003, ya nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna shi ne babban abin da ya janye damina daga Sahel a waɗancan shekaru. Hoton bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta yi gaggawa. Daga baya kuma, da aka kwatanta tsofaffin hotuna da sababbi a yankunan Maraɗi da Damagaram, sai aka ga manoma sun raya bishiyoyi kimanin miliyan 200 a gonaki kusan hekta miliyan biyar, ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Mutanen da aka zarga da kawo hamada, su ne suke korarta.

Ni ma na taɓa shan irin wannan kunya. Na kai wa kawuna da yake noma a wajen Bunkure taswirar da na haɗa, ina ta murna. Na nuna masa wani wuri da ya fi ko'ina kore, na ce, "Kawu, ka ga nan ne aka fi samun amfani bana." Ya kalli kwamfutar, ya tambaye ni ina hanya take, ina kanal, har ya gane wurin. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai nan ba gona ba ce. Magudana ce ta toshe, kachala ta cika ta. Ruwan da ya kwanta a nan shi ya kashe filayen da suke gefenta." Lissafina daidai ne, wurin kore ne shar. Sai dai tauraro bai san bambancin abin da ake ci da abin da yake cin gona ba. Tun ranar ba na yarda da taswirata sai na taka wurin da ƙafata, ko na tambayi wanda ya san shi.

Ina namu taurarin?

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya gina, mai ɗigon mita 32, kusan daidai da Landsat. Ya kasance cikin ƙungiyar taurarin da suke taimakawa lokacin bala'i, har ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. A Agusta 2011 aka ƙara harba biyu: NigeriaSat-2 mai ɗigon mita 2.5, da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu bayan horo a Ingila. Akwai kuma cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos.

Amma in ka leƙa kundayen ɗalibanmu da suka yi aiki a kan Kura, Tiga ko Haɗeja, abin da za ka fi cin karo da shi Landsat ne da Sentinel. Dalilin a bayyane yake: su ne mutum zai buɗe shafi da tsakar dare, ya yi rajista, ya sauke, ba sai ya rubuta wa kowa takarda ba. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, duk hoton da aka ɗauka da kuɗin 'yan Najeriya ya kamata ya hau intanet haka nan, da lasisi bayyananne. Haka ma alƙaluman yawan ruwan da ake saki daga madatsunmu kullum, da na ruwan sama. Burazil ta gwada, Amurka ta gwada hanyoyin biyu ta ga wadda ta fi. Ba sai mun maimaita kuskuren 1984 ba kafin mu gane.

Kada kuma mu saki jiki. A 2018 aka samu labarin cewa gwamnatin Amurka tana duba yiwuwar dawo da kuɗi a kan Landsat. Kwamitin da aka ba aikin ya ba da shawarar a bar shi kyauta, aka kuwa bar shi. Amma ka ga, abin da alƙalami ya buɗe, alƙalami yana iya rufewa. Kuma masu wannan alƙalami ba mu muka zaɓe su ba.

Gwada da kanka

In kana da kwamfuta, shiga shafin EarthExplorer na USGS ko na Copernicus, ka yi rajista. Nemi Kura, Jihar Kano. Zaɓi watan Fabrairu, ka sauke hoto mafi tsufa da ka samu, sannan na bana. Saka QGIS, ka buɗe su gefe da gefe. Fara da neman Tiga, don ruwa ya fi komai sauƙin ganewa, baƙi ne wuluk a hasken infared. Daga nan ka bi kore ya kai ka arewa, har Kadawa da Kura da Bunkure. Ka lura da inda gari ya ci gona, da inda gona ta ci daji, da shekarun da ka nema ka rasa.

In ka gama, kada ka tsaya nan. Ɗauki kwamfutar ka kai wa wani dattijo da ya ga lokacin da aka haƙa kanal ɗin. Ka nuna masa, ka yi shiru, ka saurari abin da zai gyara maka.